Yadda ake zaɓen soson da ya dace da akwatin kayan aiki

A ranar 1 ga Janairun 2024, injiniyoyi a birnin Los Angeles na ƙasar Amurka suka gano wani abin aiki na roba mai tsawon mita 1.25 maƙale a cikin injin jirgin sama ƙirar Airbus A380 mallakar kamfanin Qantas. An manta da shi ne tun lokacin wani gyara da aka yi a watan Disambar 2023, kuma binciken hukumar kula da lafiyar sufuri ta Ostireliya ya nuna cewa jirgin ya tashi sau 34, ya shafe sa'o'i 294 a sama, da abin a cikinsa. Allah Ya kiyaye, injin bai lalace ba.

Ba a yi irin wannan sa'a ba a sansanin sojin sama na Luke da ke jihar Arizona a watan Maris na 2023, inda injin jirgin yaƙi ƙirar F-35 ya zuƙe wata tocila da aka bari a mashigar iskarsa. Asarar ta kai kusan Dala miliyan huɗu.

Irin waɗannan abubuwa ne suka sa wuraren gyaran jiragen sama ke ware wa kowane abin aiki gurbinsa a cikin soso, ta yadda ido zai gane abin da ya ɓace kafin a tayar da inji. Dabarar ta daɗe da fita daga filayen jirgi, ta shiga garejin kanikawa, shagon masu gyaran waya da ɗakunan ajiya na ma'aikatu. Sai dai soso iri-iri ne, kuma wanda ya sayi wanda bai dace da aikinsa ba yana iya jawo wa kayansa tsatsar da yake gudu.

Amfanin shimfiɗa soso

Amfani na farko shi ne ƙidaya. Bakaniken da ke da sifana 20 a zube cikin durowa sai ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya kafin ya san ko sun cika. Idan kowace tana da raminta, duba ɗaya ya isa. Wannan na da muhimmanci ga maigidan da ke da yara masu koyon sana'a da yawa, da kuma jami'in sito da zai sa hannu kan kayan gwamnati a ƙarshen wata.

Na biyu shi ne kariya. Kayan da ke gogayya da juna a bayan mota ko a kan babur suna dakushewa, bakin kurfi ya karye, na'urorin awo kuma su daina ba da lissafi daidai.

Na uku shi ne lokaci. A tsarin nan na masana'antun Japan da ake kira 5S, wanda aka fi danganta shi da kamfanin Toyota, mataki na biyu shi ne a bai wa kowane abu mazauninsa, domin kada ma'aikaci ya ɓata lokaci wajen nema.

Bambancin da ya fi kowanne muhimmanci

Kowane soso tarin ƙananan kumfa ne da suka daskare. A wani nau'in, kumfan a buɗe suke, suna haɗe da juna, don haka iska da ruwa suna ratsa su. A ɗaya nau'in kuwa, kowace kumfa a rufe take ita kaɗai, ruwa ba ya samun hanyar shiga.

Soso mai buɗaɗɗun ƙofofi yana da laushi, amma yana shan ruwa, baƙin mai da giris, yana kuma riƙe ƙura. Sifanar da ta kwana a kan soso mai danshi a watan Agusta za ta wayi gari da alamar tsatsa. Da hunturu kuma ƙura ta cika ƙofofin, ta haɗu da mai ta zama dauɗar da ba ta gogewa.

Mai rufaffun ƙofofi ya fi tauri, ruwa yana tsayawa a samansa, kuma tsumma ya isa a share shi. Shi ya sa shi ne ginshiƙi a duk inda ake aiki da ƙarfe da mai.

Soson katifa

Wanda ya fi sauƙin samu a kasuwa shi ne foliyuritan, wato soson da ake yin katifa da kujeru da shi. Bajamushen nan Otto Bayer da abokan aikinsa ne suka samar da sinadarin a 1937. Yana da araha, kuma ana samun guntayensa a wajen masu yin kujeru.

Laushinsa ya sa ya dace da kaya marasa nauyi masu saurin lalacewa, kamar kyamara, makirufo da na'urorin awo, musamman a cikin akwatin da ba a yawan buɗewa. Mai tudu da kwari kamar kiret ɗin ƙwai, wanda ake liƙawa a murfin akwati domin ya danne kaya, shi ma daga wannan nau'in ake yin sa.

Rauninsa kuwa a fili yake. Bakin ramin da aka yanka yana yagewa idan ana yawan cirewa da mayarwa, rana tana mayar da shi rawaya, kuma zafi da danshi na sa ya riƙa marmashewa bayan wasu shekaru. Ga durowar bakanike, wannan araha ce da ba ta ado.

Mai tsage-tsage da ake tsinka da hannu

Wasu akwatuna, irin na kamfanin Pelican, suna zuwa da soson da aka riga aka tsattsaga shi ƙananan murabba'ai. Mutum zai ɗora kayansa, ya yi alama, sannan ya tsinke murabba'an da yatsa har ramin ya fito. Ba a buƙatar wuƙa, kuma aikin mintoci ne.

Matsalarsa ita ce ramin ba ya bin siffar kaya sosai, tunda gefensa hawa-hawa yake fita. Tsagin da ya sauƙaƙa tsinka shi ne kuma ke sa sauran murabba'an su riƙa ɓallewa da kansu. Ya fi dacewa da kaya masu kusurwa huɗu da ake ɗauka zuwa tafiya jefi-jefi. Ana so a bar aƙalla layi biyu na murabba'ai tsakanin abu da abu, domin katangar ta yi ƙwari.

Foli'etilin

Wannan shi ne mai rufaffun ƙofofi da aka fi amfani da shi wajen jera kayan aiki. Mafi arha daga cikinsa shi ne farin nan mai ɗan sheƙi da ake naɗe kwamfuta ko talabijin da shi a cikin kwali, wanda idan an lanƙwasa shi ba ya karyewa. Ba ya shan ruwa, yana jure mai, sai dai ƙofofinsa manya ne, don haka gefen yankansa ba ya yin sumul.

Akwai kuma mai ƙananan ƙofofi, wanda aka ɗaure ƙwayoyinsa da juna yayin sarrafawa. Shi ne ke ba da yanka mai tsabta, ya kuma daɗe bai sauya siffa ba. Sanannen misalinsa shi ne Plastazote da kamfanin Zotefoams na Ingila ke yi, inda lambar da ke jikin suna ke nuna nauyi: LD45 na nufin kimanin kilo 45 a kowane guntu mai tsawo, faɗi da zurfi mita ɗaya-ɗaya. Gwargwadon girman lambar, gwargwadon taurin soson.

Daga wannan dangin ne aka fitar da mai hawa-hawa, irin Kaizen na kamfanin FastCap da ke Amurka, wanda ke zuwa da kaurin milimita 20, 30 ko 57. Siraran shimfiɗu ne aka manne su wuri guda. Idan an zagaye siffar filaya da wuƙa, sai a sa yatsa a ɓare shimfiɗun har zuwa zurfin da ake so. Ƙasan ramin yakan ɗan yi gargada, amma ga mai aikin hannu da ba shi da inji, babu hanyar da ta fi wannan sauƙi.

Soson EVA

Da shi ake yin ƙasan silifas, tabarmar wasan yara mai haɗe-haɗe da shimfiɗar ɗakin motsa jiki. Rufaffun ƙofofi gare shi, ya fi yawancin foli'etilin nauyi da tauri, kuma yana da ɗan danƙo irin na roba, don haka yana riƙe kaya da kyau. Kamfanonin da ke sayar da kabad ɗin kayan aiki cike da kaya sukan yi amfani da shi.

Ya dace da kaya masu nauyi kamar guduma da manyan sifanu. Amma yankansa da hannu na da wuya, yana saurin dakushe wuƙa, kuma ba a ɓare shi. Mai son rami a cikinsa sai dai ya huda shimfiɗa ɗaya gaba ɗaya, ya manna ta a kan wata. Ga wanda kuɗinsa bai kai na shigo da kaya daga waje ba, tabarmar yara guda biyu masu launi daban na iya yin aikin.

Wanda ya kamata a guje wa

Farin nan mai ƙwaya-ƙwaya da ke zuwa cikin kwalin firji, wanda ke karyewa ƙas idan an lanƙwasa shi, folistarin ne. Bai dace da wannan aiki ba ko kaɗan. Yana zubar da ƙwayoyi, ba ya komawa yadda yake idan an danne shi, kuma fetur na narkar da shi nan take. Haka gam mai ƙarfin wari irin na masu takalmi yake cinye shi.

Masu gyaran waya da kwamfuta

Ga masu sana'a a wurare irin kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano, akwai wata barazana da ido ba ya gani. Soso na yau da kullum yana tara lantarkin gogayya, irin wanda ke ɗan jan mutum idan ya taɓa ƙofar mota da hunturu, kuma kaɗan daga cikinsa ya isa ya kashe ƙananan sassan waya. Busasshiyar iska tana ƙara tsananta shi.

Don haka ake yin soso na musamman: mai launin ruwan hoda ba ya tara wannan lantarki, baƙi mai ɗauke da sinadarin gawayi kuma yana zubar da shi. Sukundireba da hantsaki za su iya zama a kowane soso, amma allon waya da sassansa sai a irin waɗannan. Launi kaɗai ba hujja ba ne, domin akwai baƙi da ruwan hoda da rini kawai aka yi musu, saboda haka sai a nemi bayanin da ke jikin kayan.

Launi biyu da kauri

Hikimar launi biyu ita ce sama ya zama baƙi, ƙasa kuma ja, rawaya ko shuɗi. Da zarar an ɗauki abu, launin ƙasa zai bayyana da siffarsa. A ma'aikatar da ke da sassa da yawa, ana iya bai wa kowane sashe launinsa, domin a san inda za a mayar da abin da aka ara.

Kafin a sayi soso, a fara auna zurfin durowa. Idan zurfinta santimita biyar ne, soso mai kaurin santimita uku zai bar sararin da durowar za ta rufu ba tare da kaya sun tokare ba. A bar aƙalla rabin santimita a ƙarƙashin kowane rami, kaya masu nauyi kuma su samu fiye da haka.

Gwaji kafin biya

Mai saye zai iya yin gwaji uku a kan ɗan guntu. A ɗiga ruwa: idan ya nutse, ƙofofin a buɗe suke. A danna da babban yatsa na ɗan lokaci: mai kyau zai dawo, mara kyau zai bar gurbi. Sannan a shafa baƙin mai da ɗigon fetur a bar shi ya kwana. Idan ya kumbura, ya yi danƙo ko ya narke, bai dace da gareji ba.

Yadda ake yanka

A fara jera kayan gaba ɗaya a kan soson kafin a taɓa wuƙa, waɗanda aka fi amfani da su a gaba, da tazarar kimanin santimita ɗaya tsakaninsu. A ɗauki hoton jerin da waya, sannan a zana siffar kowanne. Yankan ya bi ta cikin layin kaɗan, domin ramin ya kama kayan. Wuƙar ta kasance sabuwa, mai dogon baki, a riƙe ta a tsaye, domin dakusasshiya yaga take yi. Kusa da kowane rami a fitar da ɗan gurbin yatsa, in ba haka ba ciro siririyar sifana zai zama wahala.

Wasu na amfani da ƙarfe mai zafi wajen yanka. Wannan na da haɗari, musamman a kan soson katifa, wanda hayaƙinsa ke ɗauke da iskar guba idan ya ƙone. Dukan waɗannan nau'o'i suna cin wuta, don haka mai walda ya rufe akwatinsa kafin tartsatsi ya fara tashi, mai gyaran waya kuma kada ya mayar da ƙarfen dalma cikin raminsa sai ya huce.

Ko a kan soso mafi inganci, ƙarfen da aka ajiye da danshi zai yi tsatsa, tunda ruwan da soson bai sha ba yana nan kwance a ƙasan ramin. A goge kaya, a ɗan shafa musu mai kafin a mayar, musamman da damina.

Abu na ƙarshe da ya kamata a yi la'akari da shi shi ne ramin da aka yanka ba ya sauyuwa. Wanda har yanzu yake tara kayan aiki zai fi cin riba idan ya raba durowarsa gida biyu ko uku, kowane da guntun sosonsa, ya kuma bar fili a gefe. Ranar da ya sayi sabon abu, guntu ɗaya kawai zai sake yankawa.