Nieve da Nieva: Harafi Ɗaya Tsakanin Suna da Aikatau

Wanda ya ɗaga kai a birnin Giranada da ke kudancin Sifen lokacin hunturu zai hango duwatsun Sierra Nevada sun yi fari fat. Ƙololuwarsu, Mulhacén, ta kai mita 3,479. Nevada na nufin wadda dusar ƙanƙara ta lulluɓe, kuma kalmar nan ce ta zama sunan jihar Nevada ta Amurka.

Mu Hausawa mukan ce dusar ƙanƙara tana zuba, wato mu kawo suna mu jingina masa aikatau. Mutumin Sifen kalma guda ta ishe shi: nieva. Ba ya ambaton wanda ya yi aikin, domin aikatau ɗin nevar ba shi da mai aikatawa. Ita kuwa dusar kanta, wadda yara ke dunƙulawa su jefi juna, sunanta nieve, kuma jinsin mace ce, la nieve.

Abin da ke ɗaure wa ɗalibi kai shi ne harafin i. Yana cikin nieva, amma babu shi a nevar. Ina ya shiga? Amsar tana wajen nauyin furuci. Idan murya ta danna gaɓar farko, sai e ta buɗe ta koma ie. Da nauyin ya matsa gaba, sai ta koma yadda take: nevó, ta zuba, nevaba, tana ta zuba a da. Haka pensar, yin tunani, ke zama pienso. A ganina wannan ƙa'ida ya kamata malami ya fara koyarwa, kafin a shiga hadda, don ita ce ke warware aikatau masu yawan gaske. 

Akwai tarko guda. A wajen fata ko roƙo, aikatau ɗin kan sa rigar suna sak: ojalá que nieve, wato Allah ya sa ta zuba. Rubutu ɗaya, furuci ɗaya, sai mahallin magana ke rarrabewa. Ita ojalá ɗin daga Larabci ta fito, 'yar'uwar in sha Allahu ce, gadon mulkin Musulmi na Andalus wanda ya ƙare a wannan birni na Giranada a 1492.