Tsibiran Kwara na Ƙasar Yawuri da Mutanensu

Yamma da ƙasar Zuru, inda Kogin Kwara ya ratsa ƙasar Yawuri, a dā akwai jerin tsibirai tun daga wajen Yelwa har zuwa Busa. Mutanen wurin suna ce wa tsibiri gungu, daga nan ne Hausawa suka raɗa wa mazaunansu suna Gungawa. Su kuwa Reshe suke kiran kansu, harshensu Tsureshe. Harshen nan dangin Dakarci ne na Zuru, gama masana sun sa su duka biyu cikin rukunin harsunan Kainji.

Zaman gungu yana da amfani biyu. Na farko, Kwara takan yi cika sau biyu a shekara, watau cikar damina, da wadda ke isowa daga duwatsun Gini cikin hunturu. Laka da ruwa ke bari ita ta sa Gungawa suka shahara da noman albasa, ga kuma su. Na biyu, ruwa ya zame musu ganuwa. Har sarautar Yawuri, wadda ake lissafawa cikin Banza Bakwai, ta taɓa ƙaura daga Bin Yawuri zuwa tsibirin Ikum saboda yaƙin basasa, kafin ta zauna a Yelwa a 1888. Ta tsakanin gungayen nan ne Mungo Park ya wuce, ya halaka a Busa a 1806.

To, a 1964 aka fara gina madatsar Kainji, aka gama a 1968. Tafkin da ya taru ya fi mil 80 tsawo. Ya shanye tsohuwar Busa da yawancin tsibiran, har da mafi yawan Foge, wanda ya fi su girma. Aka tashi mutum wajen 44,000, aka gina musu sababbin garuruwa a tudu.

Tun kafin wannan Gungawa da yawa sun rikiɗe sun zama Yawurawa masu jin Hausa kaɗai. Ƙaura ta ƙara cuɗa su da baƙi, kasuwa da makaranta kuwa da Hausa ake yinsu. Sunayen gungaye da mashigai, da kalmomin jirgi da su, yanzu a bakin tsofaffi suke. Ya kamata malamai na Zuru da Yawuri su sa ɗalibansu su rubuta su tun masu saninsu suna da rai.