Class 59: Kan Jirgin Ƙasan da Ya Shekara Arba'in Yana Jan Dutse

A farkon shekarun 1980, kamfanin Foster Yeoman, mai fasa dutse a yankin Somerset na Ingila, ya gaji da yawan lalacewar kawunan jirgin ƙasa samfurin Class 56 da hukumar British Rail ke jan tsakuwarsa da su. Sai ya yi abin da ba a saba ba: ya sayo nasa, samfurin Class 59, daga kamfanin General Motors na Amurka. Guda huɗu suka iso a 1986, kowanne da ƙarfin doki 3,300, yana jan taragun da a da sai an haɗa kai biyu. Jimilla 15 kawai aka ƙera zuwa 1995, amma a 1991 ɗaya daga cikinsu ya ja kaya na kusan tan 12,000 a wani gwaji. A ganina, darajarsu tana ga juriya, domin mai kaya ba abin da ya fi damunsa kamar jirgi ya tashi ranar da aka ce zai tashi.

Akwai masu cewa wannan ciniki ya karya masana'antar ƙera jirage ta Birtaniya, tunda daga Class 59 aka samo Class 66, wanda aka shigo da ɗaruruwansa daga Kanada tun 1998. Ƙorafin yana da nauyi, don ma'aikata sun rasa abin yi. Sai dai da an tilasta wa masu dutse injin da ke yawan tsayawa, da tsakuwar ta koma kan manyan motoci, hanyar jirgin ta rasa cinikin. Hayaƙin dizal kuwa matsala ce ta gaske, amma kai ɗaya yana ɗauke wa titi motoci sama da ɗari.