Ko ka sani? Takarda ɗaya ta ci ƙasa 17, amma ba ta ƙetare Ɗan Isa

Akwai wani inji a ƙasar nan da ake tayar da shi da kiran waya. Mai garka yana kishingiɗe a inuwar bedi, ko yana tsakiyar ciniki a kasuwa, sai ya zaro salula ya danna lambobi, can a garka famfo ya tashi, ruwa ya bi tiyo ya shiga fangali. In ya ga ya isa, ya sake kira, ruwa ya tsaya. Babu tsafi a ciki. Ɗan akwati ne mai katin waya, an haɗa shi da famfon da ke aiki da hasken rana. Wanda ya ƙirƙiro shi ɗan Nijar ne, Abdou Maman Kané, masanin kwamfuta, ya sa masa suna Télé-Irrigation, wato ban ruwa daga nesa. Ya ci kyautar kamfanin Orange a 2011, a 2015 kuma aka ba shi babbar kyautar ruwa ta Sarki Hassan na Biyu a taron duniya da aka yi a Koriya ta Kudu.

Injin ya burge ni, amma takardar da ya yi masa ta fi burge ni.

Sunanta brebe. I, kalma ɗaya ce da ta jarrabawar nan ta ƙarshen kwaleji, don haka in ka ce wa tsohuwa a Mayahi ka samu brebe, guɗa za ta rangaɗa ta ce yaro ya gama karatu. Wannan brebe ɗin daban ne. Shaida ce ta hukuma cewa kai ka fara ƙirƙiro abu kaza, kuma har shekara 20 daga ranar da ka ajiye takardunka, ba mai ƙera shi ya sayar sai da yardarka.

To, ga abin mamakin. Nijar ba ta ba da wannan takarda ita kaɗai. Ana ba da ita ne a Yawunde, babban birnin Kamaru, a ofishin wata ƙungiya mai suna OAPI, wadda yarjejeniyar Bangi ta ranar 2 ga Maris 1977 ta kafa. Ƙasa 17 ne a ciki. Ka ajiye takardunka sau ɗaya, a Yamai ma, ta hannun hukumar da ke wakiltar ƙungiyar, shi ke nan ka rufe ƙofa 17 da makulli ɗaya. Maƙerin da bai taɓa wuce Tasawa ba, haƙƙinsa yana aiki a Dakar, yana aiki a Abijan, a Bamako, a Njamena, a Libarabil. Kai, har da Komoros, wasu tsibirai a tekun Indiya da suka shigo ƙungiyar a 2013. Na ɗauki taswira na sa yatsa a Gulbin Kaba, na miƙa ɗayan hannun har Komoros, sai da na yi dariya ni kaɗai. Mutumin da ko kifin teku bai taɓa gani ba, doka tana tsaron basirarsa a bakin teku.

Sai dai Najeriya ba ta ciki.

Ka ji fa. Takardar da ta haye teku, in ta bi hanyar Maraɗi ta iso Ɗan Isa, nan take tsayawa. Jibiya ba ta san ta ba, Katsina ba ta san ta ba, balle Kano, inda masu walda za su kalli abu sau ɗaya da hantsi, kafin la'asar sun jera maka ƙannensa goma. Kuma wa ya kai mu shiga can? Shanunmu da wakenmu can suke tafiya, rabin kayan da ke rumfunanmu daga can suke zuwa. Kamar mutum ne ya katange gonarsa gabas da yamma da arewa, ya bar kudu a buɗe, ga shi burtali ta kudu yake. Wanda yake son kariya a Najeriya sai ya shigar da wata takarda daban a Abuja, bisa dokarsu ta 1970. Sauƙin da ke ciki shi ne yarjejeniyar Paris ta 1883, wadda ƙasashen biyu suka sa wa hannu, ta ba shi wata 12: in ya kai takardarsa Abuja cikin wannan wa'adi, ranar da ya ajiye ta farko ita za a ƙirga masa.

Wannan magana ta tuna mini wani dattijo mai walda a nan garin, abokin mahaifina. Shekarun baya ya gyara injin ɓarar gyaɗa irin na hannu. Rabin ganga ne da raga a ƙasa, amma ya sa masa wani ɗan ƙarfe mai zare da ake murɗawa, a matse ko a sassauta, gwargwadon girman gyaɗar, don kada ƙwaya ta farfashe. Na gan shi da idona, hannunsa duk tabon wuta, yana zuba tiya ɗaya yana juyawa, ɓawo na zuba gefe, ƙwaya na faɗowa lafiya lau. Ranar kasuwa ya ɗora shi a amalanke ya kai, mutane suka yi masa zobe. Kafin kaka ta zagayo, irinsa ya cika kasuwannin ƙauye. Na ce, "Baba, da kun yi masa takarda." Ya ɗaga baƙin gilashin nan na walda ya dube ni, ya ce, "Ɗana, takardar me? Allah ya ba ni, na ba mutane."

Ban yi masa gardama ba, kuma har yau ban ga laifin maganarsa ba. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, ko da ya so yin takardar, ya riga ya makara. Sharaɗin farko na brebe shi ne abin ya zama sabo fil, ba a taɓa bayyana shi ga jama'a ba a ko'ina a duniya. Ranar da ya sauke injin a kasuwa, shi da kansa ya kashe sabuntarsa. Yau ma ba sai an je kasuwa ba, hoton bidiyo ɗaya a WhatsApp ya isa. A nan kam, kurum ta fi magana amfani har sai an karɓi takardunka an buga musu kwanan wata.

Kuma takardar tana cin abinci kamar doki. Kowace shekara akwai kuɗin da za ka biya don ta ci gaba da rai, in ka daina, ta mutu, abin ya zama na kowa. Shi ya sa tambayar gaske ga mai ƙirƙira shi kaɗai, wanda ba shi da masana'anta, ita ce yadda takardar za ta ciyar da kanta. Hanya biyu ce, kuma duk manomi ya san su: ko ka sayar da gona, ko ka ba da haya.

Wani Ba'amurke mai suna Walter Hunt ya zaɓi sayarwa. Shi ya ƙirƙiro fil ɗin nan mai kulle kansa da mata ke maƙala wa lulluɓi, a 1849. Ana cewa bashin dala 15 ne ya dame shi, sai ya sayar da haƙƙin baki ɗaya a kan dala 400, dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa biyar ba. Ya biya bashi, ya ci canji, magana ta ƙare. Ka duba kowace rumfar ƴan koli daga nan har Makka, fil ɗinsa na nan rataye, sisinsa babu.

Lonnie Johnson, baƙar fata injiniya da ya yi aiki da hukumar sararin samaniyar Amurka, shi haya ya bayar. Bindigar ruwa ta wasan yara ya ƙirƙiro, ya ba wani kamfani izinin ƙerawa a 1989, da sharaɗin duk wadda aka sayar yana da kaso. Takarda ta zauna a hannunsa. Da lissafi ya rikice tsakaninsa da kamfanin Hasbro kan kason kayan wasan da ya ƙirƙira, masu sasantawa suka yanke masa kusan dala miliyan 73 a 2013. Bindigar ruwa! Mu nan ruwan ne ma abin nema.

A tsarin OAPI wannan hayar ba a yin ta da baki da shan hannu, irin cinikin akuya. Dole a rubuta, a kuma shigar da ita rajistar ƙungiyar, in ba haka ba ba ta hawa kan wani na uku. Kana iya ba mutum ɗaya shi kaɗai, kana iya raba wa da yawa, wannan ya ƙera a Maraɗi, wancan a Wagadugu. Wanda kuma ya karɓi brebe ya cusa a ƙarƙashin katifa, bai ƙera ba, bai bar wani ya ƙera ba, bayan shekara 4 da ajiye takardu ko 3 da ba shi shaidar, ana iya ba wani izini ko bai so ba, a yanka masa kasonsa.

Don haka kai da ke da wani abu a ɓoye a bayan shago, ka lulluɓe shi da buhu tukuna. Ka zana shi, ka rubuta yadda yake aiki, ka fara kai shi Yamai. In an buga maka kwanan wata, ka soma ƙirga wata 12 na Abuja tun daga ranar.