Baƙin Kaka Da Suke Ta Raguwa



Kowa ya san shamuwa: in ta sauka, manomi ya gyara fartanya. To akwai wasu baƙin da ba kasafai ake lura da su ba. Ƙananan tsuntsaye ne masu zaƙin kuka, suna isowa da kaka, su yi sanyi da mu, bazara na gabatowa su koma Turai su yi ƙwai. Wani nauyinsa bai wuce giram 10 ba, amma yakan ƙetare Bahar Rum da Sahara sau biyu a shekara. Yau shekaru sama da 50 ke nan adadin da dama daga cikinsu yana ja da baya.

Ta yaya aka sani? Da zobe aka soma. A 1899 wani malamin makaranta ɗan ƙasar Danmak, Hans Mortensen, ya fara saka wa tsuntsaye zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa. Har gobe haka ake yi: a ɗana raga mai laushi da asuba, a auna tsuntsu, a duba kitsensa, a sa zobe, a sake shi. Yanzu har 'yar na'ura ake goya masa, wadda ke rubuta fitowar rana da faɗuwarta, daga nan a gano inda ya bi. A Najeriya, cibiyar APLORI da ke dajin Amurum kusa da Jos tana wannan aiki, tana kuma horar da matasanmu a kai.

Ƙidayar tsuntsaye kuwa ita ce ta tona asirin abin da ya faru a 1969. A bazarar shekarar, masu ƙirga a Birtaniya suka ga wata 'yar tsuntsuwa mai farin maƙogwaro ta ragu da kusan kashi uku cikin huɗu. Aka bi diddigi, sai ga shi fari ne a Sahel ya cinye ta, shekaru kaɗan kafin yunwar da iyayenmu ba su manta ba.

Turai na da nata laifin: feshin magani ya kashe ƙwari, ana kuma kama miliyoyin tsuntsaye a gaɓar Bahar Rum. Amma mu dubi namu gidan. Dam ɗin Tiga da na Challawa sun rage ambaliyar da ke raya fadamun Haɗeja da Nguru, gatari kuma bai huta ba. Masu bincike da suka bi bishiyoyin Sahel ɗaya bayan ɗaya sun tarar baƙin nan sun fi taruwa a kan gawo da aduwa da dangin ƙaya, inda ƙwari suke. Darbejiya da bishiyar turare, waɗanda muke ta dashe, kusan ba sa sauka a kansu. Saboda haka wanda ya sare gawo ya dasa darbejiya, inuwa ya mayar, bai mayar da abinci ba. Manoman Maraɗi da Damagaram da ke barin tohon gawo a gonakinsu sun fi mu gane wannan, ga ƙasarsu ta ƙara albarka.

Mai sauraro, in ɗanka ya zo da tsuntsu mai zobe a ƙafa, kada a jefar da zoben. Kwafi lambar, rubuta ranar da garin, a isar wa ma'aikatan gandun daji. In da ransa, don Allah a sake shi.