Super Glue: gam ɗin asibiti ba irin na mai tebur ba ne

Daga Maradi zuwa Damagaram, da wuya a samu mai tebur da ba ya sayar da Super Glue. Da shi ake liƙe takalmi, tabarau da murfin waya. Idan hunturu ya kama, wasu ma kan ɗiga shi a faso ko a yankan wuƙa, saboda sun ji cewa likitoci na amfani da shi. Maganar tana da tushe, amma ba cikakkiya ba ce.

Wani masanin sinadarai ɗan Amurka, Harry Coover, ya ci karo da sinadarin siyanowakirilat a 1942, kuma kamfanin Eastman Kodak ya fara sayar da shi a 1958. Danshi ne ke sa shi daskarewa cikin daƙiƙoƙi, shi ya sa yake kama fata fiye da abubuwa da yawa. A yaƙin Biyetnam, likitocin sojan Amurka sun riƙa fesa shi a kan rauni don tsayar da jini kafin a kai soja ɗakin tiyata.

Sai dai gam na kasuwa yana cin nama, domin idan ya fara rugujewa yakan saki formaldehayid. Wannan ya sa aka ƙera nau'o'in asibiti kamar Histoacryl da Dermabond, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1998. Likita kan wanke rauni, ya haɗa bakinsa, ya shafa gam a sama, ba a ciki ba. Bayan kwana 5 zuwa 10 yakan ɓare da kansa. Ba a sa shi a cizon dabba, rauni mai zurfi ko wanda ya yi mugunya. Wanda ya liƙe ciwo mai datti a gida, ya rufe ƙwayoyin cuta ne a ciki.

Haɗarin da ya fi tayar da hankali shi ne na ido. Kwalbar gam, musamman na liƙa farce, tana kama da ta maganin ɗigawa, kuma likitocin ido a ƙasashe da dama sun sha karɓar waɗanda suka yi wannan kuskure cikin duhu ko gaggawa. Idan haka ta faru, kada a buɗe fatar ido da ƙarfi. A wanke da ruwa mai ɗumi, a rufe da bandeji mai tsabta, a nufi asibiti ko CSI mafi kusa. Yawanci idon kan buɗe cikin kwanaki kaɗan, amma busasshen gam na iya karce ƙwayar ido.

Idan yatsu ne suka manne, a jiƙa su a ruwan ɗumi da sabulu, a murza a hankali. Ruwan goge jan farce mai asiton yana narkar da shi, amma kada ya kusanci ido, baki ko ciwo. Idan kuma ya zube a kan tufafin auduga, yakan yi zafin da zai ƙona fata. A zuba ruwan sanyi nan take, kada a fizge rigar.

Rigakafin ba ya cin ko dala: a ajiye gam nesa da magunguna da hannun yara, a kuma karanta kwalba kafin a ɗiga komai a ido.