Sikila: gadon da ke ɓuya a jinin masu lafiya

Makiyayan ƙasar Dakoro sun saba gani: akuya da bunsuru masu launi ɗaya su haifi ɗa mai wani launi dabam, a ce ya ɗebo kakanni. Wani malamin coci mai suna Gregor Mendel ne ya fara lissafa wannan al'amari, ya bayyana shi a 1865 a garin Brno. Ya barbara doguwar shukar waken Turawa da gajeriya, duk 'ya'yan suka fito dogaye. Da waɗannan suka hayayyafa, sai ga dogaye 787 da gajeru 277, wato kusan uku bisa ɗaya. Ashe gajarta ba ta ɓace ba, danne ta aka yi.

Haka ciwon sikila yake, wanda wasu ke kira amosanin jini. Kowane mutum yana karɓar ƙwayar gado ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Ƙwayar lafiya, A, ita ce mai rinjaye, ta sikila kuwa, S, mai laɓewa ce. Mai AS yana noma, yana kiwo, lafiya lau, har ma yana da ɗan kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Shi ya sa S ta yawaita a ƙasashenmu.

Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da hanya huɗu: ɗaya AA, biyu AS, ɗaya SS. A nan mutane ke kuskure, su ɗauka cikin 'ya'ya huɗu ɗaya kaɗai zai kamu. Kowane ciki sabon lissafi ne. Ana iya haifar SS uku a jere, ana iya haifar shida babu ko ɗaya. Wanda ya fito SS kuwa, tun yana jinjiri hannuwa da ƙafafu kan kumbura, ido ya yi rawaya, da sanyin hunturu ya kwana yana kukan ciwon ƙashi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɗora wa uwa laifi, a ce daga danginta ne. Babu yaron da ke zama SS sai uba ma ya ba da S tasa. Auren zumunci yana ƙara yiwuwar haɗuwar S biyu, amma bare da bare ma suna haɗa ta.

Ido ba ya bambance AA da AS, sai gwajin jini. A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta masu sikila, amma ɗan Dakoro ya kamata ya tambayi ma'aikatan lafiya inda zai yi gwajin kusa da gida, tun kafin a kai kuɗin gaisuwa.